Hoton da Ya Fi Mai Shi Girma

Ƴan uwa ɗalibai, ku yi mini afuwa, kan hoto zan yi magana amma ban saka ko ɗaya cikin rubutun ba. Kun san halin injin fotokofin da ke buga mana wannan ɗan littafi: duk fuskar da ta shiga cikinsa, gawayi take fitowa. Sai ku yi haƙuri da kalmomi.

Tambayar da nake so mu tauna tare ita ce: in mutum ya turo maka ɗan ƙaramin hotonsa a waya, kana da ikon mayar da shi babba ka rataya a bango? Da bara aka yi mini wannan tambaya, dariya zan yi. Hoto ne fa, ba kuɗin wani ba, ba gonar wani ba. Abin da ya faru a gidanmu, a Barmu, lokacin babban hutun da ya wuce, shi ya sa na daina dariya.

Saƙon Inna

Yayana yana Libiya, shekara ta huɗu ke nan. Duk wanda ya tashi a Adar ba ya buƙatar bayani. Da an gama girbi samari su kama hanya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Aljeriya ko Libiya. Bida muke ce mata. Akwai garuruwan da in ka shiga da rani ba ka iske kowa sai tsofaffi da mata da yara.

Da ƙaramar salla ya turo hoto ta WhatsApp a wayar ƙanena. Yana tsaye cikin farar riga, da tabarau, ya ɗora hannu bisa wata farar mota mai sheƙi. Inna ta yi ta kallo har caji ya ƙare. To wayar ba tata ba ce, idonta kuma ya fara rauni. Da na zo hutu daga Yamai sai ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zane ta miƙo mini jika goma sha biyar, kuɗin bunsurunta. Ta ce: "In ka tahi Tawa ran Lahadi ka sa a wanke min shi babba, irin na ƴan siyasa. So nike in ɗaga kai in gane shi, ba sai na roƙi waya ba."

Ni kuwa na san abin da ba ta sani ba. Da dare yaya yakan yi mini saƙon murya. Motar ta wani ce da ya kawo wanki a wurin da yake aiki. Rigar aro ce. Su takwas ne a ɗaki ɗaya, kuma a lokacin sun yi wata uku ba a biya su ba. Ƙarshen kowane saƙo iri ɗaya ne: "Kada ka hwaɗa ma Inna."

Na karɓi kuɗin, ban ce komi ba.

A shagon buga hotuna

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, na shiga wani shago da ke buga manyan hotuna bisa ledar nan mai kauri da suke kira bash. Mai shagon ya buɗe hoton a kwamfuta, ya tambaye ni girman da nake so. Na ce mita ɗaya. Ya girgiza kai ya ce: "Hoton ga hwashewa zai yi."

Ga abin da yake nufi, don lissafin yana cikin maganar da zan yi. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, kowane da launinsa, an jera su kamar dutsen ado. WhatsApp kuma matse hoto yake yi kafin ya aika, don kada ya ci kuɗin intanet. In ba a zaɓi babban inganci ba, abin da ke isowa bai cika wuce ɗigo 1600 a tsawonsa ba. Hoton da za a riƙe a hannu a duba da kyau yana son ɗigo kusan 120 a kowane santimita. Ku raba ku gani: ɗigo 1600 sun ishi hoton santimita 13 ko 14, wato kamar tafin hannu. In aka ja shi ya kai mita ɗaya, ɗigo 16 ne kawai za su faɗa cikin santimita guda. Babu abin da ya ƙaru, abin da ke nan ne aka shimfiɗa. Kamar ka ƙara wa fura ruwa ne, ƙwarya ta cika amma geron yana nan yadda yake.

Ya ce dabara biyu ce. Ta farko, a bar shi haka, mai kallo ya ja da baya kamar taku uku, don daga mita biyu ido ba ya iya raba ɗigon. Shi ya sa manyan allunan talla ke da kyau daga bakin titi, in ka matsa kusa sai ka ga dabbare-dabbare. Ta biyu, akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke gyara fuska ta fito tas. Ya danna, cikin ɗan lokaci sai ga yaya fes, fata sumul, ido na ƙyalli. Ya ce in ina so ya cire katangar da ke bayansa ya sa bene. Nan ne kawai na ce a'a. Na fito ina jin kaina mai gaskiya don na ƙi bene.

Da na warware hoton a tsakar gida, maƙwabta suka taru ana ta barka. Inna ta daɗe tana kallo, ta matso kusa, ta sa yatsa saman girarsa ta hagu. Ta ce: "Ina tabon nai?"

Yaya yana da tabo a wurin tun yana yaro, ranar da ya faɗi bisa dutsen bakin rijiya. A ƙaramin hoton ɗan layi ne dishi-dishi. Manhajar ta ɗauke shi datti ta share. Daga baya na karanta cewa irin waɗannan manhajoji ba su gano abin da ya ɓace, cikewa suke yi da abin da suka saba gani a dubban fuskoki. A 2020 an gwada wata da masu bincike na Jami'ar Duke ta Amurka suka yi: aka ba ta dusasshen hoton Barack Obama, ta fito da fuskar Bature. Ni kuma na kai wa uwa fuskar da ta yi kama da ɗanta, an cire alamar da take gane shi da ita.

Duk da haka an rataya shi, a bangon da ke kallon ƙofar ɗaki, inda duk wanda ya shigo gida zai hango. Kawu ya zo ya tuna mana hadisin mala'iku da ɗakin da ke da hoto. Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara, wannan kuma fagensu ne, ba nawa ba. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Ƙanena shekararsa 16, yana ajin da za a rubuta birbe. Na lura abokansa na fada sun fara zuwa gaida Inna fiye da yadda suka saba, kuma idonsu ba a kanta yake ba. Wata rana da dare ina yi masa faɗan karatu sai ya ce: "Kai shekara nawa kana lakkwal? Ko keke ba ka da. Dubi yaya." Na ce masa abubuwa ba yadda yake gani suke ba. Ya ce hassada ce. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Maganata ta fita ta kunne, hoton kuwa mita ɗaya ne, yana nan safe da yamma.

Abin da harshe ya riga ya sani

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, in abu ya dame ni kalmomi nake fara tambaya. Ku dubi yadda muke cewa "wanke hoto". Wannan daga zamanin da ake tsoma takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu ne. Yau inji ke fesa tawada, ko ɗigon ruwa ba ya taɓa takardar, amma har yanzu wankewa muke yi. Kuma wankewa na nufin cire datti. Ashe kalmar ta jira zamanin da za a wanke wa mutum tabonsa.

Ku dubi "hoto" ita kanta. Baƙuwa ce, daga bakin Turawa muka aro ta, amma ba ta daɗe ba muka ba ta aiki na biyu. In aka ce shugaban ƙungiya hoto ne, ko gyaran da aka yi wa gini hoto ne, kowa ya gane: ga siffa, ba komi ciki. Iyayenmu da ba su san ɗigo 1600 ba sun riga sun gane halin abin.

Sai babbar cikinsu, "girma". Kalma ɗaya ce muke auna tulu da ita, muke auna mutum da ita. Yaro ya girma, a ba dattijo girma, girma ya faɗi, girman kai rawanin tsiya. Da Inna ta ce a yi shi babba, girmamawa take nufi. Mai shago kuma santimita ya ji. Ni da ke tsakani na yi kamar abu ɗaya ne, kamar in an ƙara wa takarda faɗi an ƙara wa yaya daraja.

Raɗa da shela

Yanzu ga inda na tsaya. Shin yaya ƙarya ya yi da ya tsaya gaban motar wani? Na ce a'a, kuma ga dalilina. In ka je duba marar lafiya a asibiti ka ce masa "ya jiki?", zai ce "da sauƙi" ko da numfashi yake ja da ƙyar. In ka ce wa wanda bai ci komi ba tun jiya "ina kwana?", zai ce "lahiya lau". Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Rufin asiri ne, kuma tausayi ne ga mai tambaya. Hoton yaya "lahiya lau" ce da ya aika wa uwarsa ranar salla. Ma'anarsa: kada ki damu, ki yi barci.

A aji an koya mana cewa magana aiki ce, ba labari kaɗai ba. Wani masani ɗan Ingila, Austin, shi ya shimfiɗa wannan a littafinsa da ya fito a 1962: da baki ake alkawari, ake ɗaura aure, ake lallashi, ake kira. Kuma aikin da jimla ke yi ya danganta ga wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, da wace murya. Ku ɗauki "lahiya lau" ɗin nan da ɗa ya raɗa wa uwa, ku ba mai shela ya zaga gari da lasifika yana cewa "lahiya lau a Libiya!" Kalmomin ba su canja ba, ko wasali ɗaya. Amma da lallashi ne, yanzu ya koma talla.

Abin da na yi ke nan a shagon Tawa. Ƙaramin hoto raɗa ne: mutum ɗaya ke kallonsa, a tafin hannu, ya matso da shi kusa da fuska. Babban hoto shela ne: ba ya zaɓen mai kallo, kuma kamar yadda mai shago ya ce, daga nesa aka yi shi a gani. Wanda ya matsa kusa zai ga fashewar. Inna ta matsa ta gani, don ta san tabon. Yaran fada daga bakin ƙofa suke hange, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce: faɗaɗa hoto magana ce sabuwa, kuma wanda ya faɗaɗa shi ne mai maganar. Yaya ya yi tasa, da uwarsa, kuma mai kyau ce. Ta bangon tawa ce, na yi ta da bakinsa, ga mutanen da bai zaɓa ba, ban kuma tambaye shi ba.

Abin da za a iya ce mini

Na kai wannan magana fadarmu ta nan jami'a, kuma ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ga uku daga cikin abin da aka ce.

Na farko ya ce: ai kwalliyar hoto tsohuwar al'ada ce, kai ne ka maida ta zunubi. Gaskiyarsa. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur da mota don masu zuwa su ɗauki hoto da su. A fim ɗin Jean Rouch na 1958 kan samarin Nijar da ke bida a unguwar Treichville ta Abijan, Oumarou Ganda sunan ɗan wasan Amurka ya laƙaba wa kansa. Ɗan bida ya daɗe yana ado da abin da ba nasa ba. Amma a Bamako kowa ya san rediyon na mai shago ne, don maƙwabcinka ma da shi ya ɗauka. Kwalliya ita ce wadda mai kallo ya san kwalliya ce. Hoton alhaji da aka liƙa wa Ka'aba a baya ba ya ruɗin kowa. Motar yaya kuwa yaran sun yarda tasa ce. Kuma labarin Keïta bai ƙare nan ba. Hotunansa ƙanana ya wanke wa masu su, santimita 13 da 18. A shekarun 1990 aka faɗaɗa su a Turai da Amurka, wasu sun wuce mita, aka rataya a gidajen nuni ana saye da tsada. Matar da ta yi ado don mijinta ko ƙawarta ta wayi gari baƙi na kallonta a bangon wata ƙasa, ko sunanta ba a rubuta ba. Hotunan suna da kyau ƙwarai. Amma ita wa ya tambaye ta?

Ta biyu ta ce: to sai manya kaɗai ke da ikon zama manya a bango? Lokacin zaɓen 2020 da 2021 fuskokin ƴan takara sun cika titunan Tawa, kowace ta fi ƙofar gida. Mi zai hana tsohuwa ta ga ɗanta haka? Wannan ta taɓa ni, kuma ban da cikakkiyar amsa. Buƙatar Inna halal ce: ido ya yi rauni, ɗa ya yi nisa. Abin da zan ce kawai, ɗan takara shi ya biya aka yi masa shela, ya san abin da yake saye. Kuma ku dubi inda waɗancan fuskoki suka ƙare, wasu sun zama rumfar mai tuya, wasu an rufe buhuna da su. Wannan girman na leda ne. Inna so take ta ga ɗanta, kuma ana iya biya mata wannan ba tare da an gayyaci unguwa ba. Ni ne na yi ƙyuyar neman hanyar.

Na uku ya ce: ko babu hoto ƙanenka zai tafi, gona ba ta ciyar da gida, hanyar Agadas kuma a buɗe take tun da aka soke dokar 2015 a watan Nuwamba na 2023. Shi ma gaskiyarsa. Bida ta girmi kyamara. Kuma ni ba ni da bakin zagin bida, don kuɗin wankin motar nan ne ya sayi littattafan da nake karantawa, ya sayi hatsin da ya kai mu kaka. Ban ce hoto ke kai yaro Libiya ba. Abin da na ce, in zai tafi, yana da haƙƙin ya san inda za shi. Wanda ya san ɗakin mutum takwas da wata uku ba biya, ya ce duk da haka zai je, ya yi zaɓi. Wanda farar mota ya gani, zaɓar masa aka yi. Kuma ni, wansa, da na san gaskiya, ni na biya kuɗin allon.

Abin da ya rage a bango

Na rasa yadda zan yi. In na faɗi gaskiya na tona asirin yaya, na karya alkawari, na hana Inna barci. In na yi shiru na bar ƙanena da hoto. Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauki hoton bangon da waya na tura wa mai shi.

Kwana biyu bai amsa ba. Ran na uku ya turo murya, gajera: "Wa yac ce ka yi haka?" Can kuma wata ta shigo: "Ba ni yaron."

Sun daɗe suna magana a bayan gida. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba. Asirin nasa ne, shi ya san iyakar da zai buɗe. Ƙanena ya dawo bai kalli kowa ba, ya kwanta.

Kafin in koma Yamai na sake zuwa Tawa na wanke hoton na asali, ba gyara, girman tafin hannu, daidai abin da ɗigonsa ke iya ɗauka. Bai fito tas ba, amma tabon na nan. Inna ta kai shi kusa da ido ta ce: "Yawwa, ga shi." Shi take ajewa ƙarƙashin matashi. Babban kuma ba ta yarda a cire ba, kuɗin bunsuru ne. Ta dai sa aka mayar da shi bangon ciki, bayan jeren kwanoni, inda sai wanda ya zauna bakin gadonta ke ganinsa. Ban san ko ta gane wani abu ba ne. Uwa ce, ina zaton ta fi mu sani tun farko.

Ƙanena ya koma lakkwal. Bai ce ya fasa tafiya ba, ni ma ban ce na ci nasara ba.

Da yawanku kuna da ɗan uwa a bida, kuma ku ne masu waya, ku ake aike shago. Ranar da aka miƙo muku kuɗi aka ce a wanke babba, kafin mai shago ya tambaye ku santimita nawa, ku tambayi kanku wa aka aiko wa hoton nan, wa zai gan shi in ya hau bango, kuma mai fuskar ya sani ko bai sani ba. Saƙon murya ɗaya ya isa a tambaye shi. Ni jika goma sha biyar na kashe kafin in tura nawa.